Kwandon da Hajo Ta Bari a Bakin Tafki

Yanzu duk wanda ya buɗe baki sai ya ce ya san Hajo. Har waɗanda ba a yanke wa cibi ba lokacin da aka binne ta suna ba da labarinta, wai tana jin maganar tsuntsaye, wai aljanu ke yi mata raɗa. Ƙarya ce. Hajo ba ta da aljani ko na aro. Ido gare ta da kunne, kuma ta iya rufe baki ta tsaya ta dubi abu har ya nuna mata kansa, abin da yawancinku ba ku iya ba. Ni da ƙafafuna na bi ta, kuma ba don ita ba da tuni ƙasusuwana sun ruɓe a ƙasar da ban san sunanta ba.

Gajeriya ce, baƙa, ƙafarta ta hagu tana ɗan ja. Ubanta maharbi ne daga wajen Kafur, a wurinsa ta koyi daji. Mijinta Jibo saƙar kwando yake yi, mutum ne da za ka kwana uku a gidansa ba ka ji muryarsa ba. Ta haifa masa huɗu, duka ƙasa ta karɓe. Da shi ma ya bi su, bai bar mata komai ba sai ɗaki ɗaya da kwandon kaba da ya gama saƙawa ana saura kwana biyu ya kwanta ciwo. Wannan kwando ba ta ba da aronsa. Ko mai gari ya aiko, sai ta ce a gaya masa yana da aiki.

Ita ce ungozomar garinmu, ɗan ƙaramin gari mai ganuwa tsakanin Tsiga da Kafur. Amma nata aikin ba ranar naƙuda yake farawa ba. Duk macen da cikinta ya shiga wata tara, kullum da hantsi Hajo za ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta ce, "Taso ki ga wani abu." Ba ta taɓa cewa taso ki yi tafiya ba, don ta san mai tsohon ciki ba ta tashi don tafiya. Sai ta fitar da ke ta ƙofar gabas, ku bi gonaki, ku gangara fadama har tafki, ku dawo. Tana tafe tana nuna miki fure, da sawun dabba, da sheƙar tsuntsu, kafin ki ankara kin yi tafiyar da ba ki yi zaton za ki iya ba. Cewa take mai zama ƙafa ke kumbura mata, ɗa kuma ya koyi lalaci tun daga ciki. Maza suna dariya, suna cewa ga Hajo za ta kai tumakinta kiwo. Amma matan da ta yi kiwo ba su cika daɗewa a durƙushe ba, kuma mazan nan masu dariya su suka fi kowa saurin aika mata.

Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Mahara suna zuwa daga arewa bisa dawaki, su kwashi wanda suka samu a wajen ganuwa, su ɗaure su wuce da shi. Sai dai mun saba da lokacinsu: sai an gama girbi, rumbuna sun cika, ƙasa ta bushe. Da sauran ruwa a sama, dawa tana tsaye, ba wanda yake tunaninsu.

Ni a lokacin an kawo ni gida daga Tsiga, inda nake aure, don haihuwar fari. Kun san kunyar cikin fari. Mace na tafe da shi kamar tulu a gabanta, amma in an yi maganarsa sai ta kau da kai kamar na maƙwabta ne. Ga ni da baki tun ina ƙarama. Kwana goma sha ɗaya Hajo tana jana, kwana goma sha ɗaya ina yi mata tsiwa.

Rana ta goma sha biyu muka fita mu uku, da Rabi'atu matar yayana. Doguwa ce, ƙafa gare ta kamar barewa, a wasan 'yammata ba a taɓa kama ta ba. Ta bar jaririyarta 'yar wata biyar a bayan Inna, mahaifiyata, ta ce za ta raka mu ta tsinko tafasa. Hajo ta ɗora mata kwandon nan a ka, ta ce, "In kika kayar min da shi, ke da yayan wannan sai ku nemi wata ungozomar."

A ƙofar gabas muka tarar da Maitama mai tsaron ƙofa yana zaune yana gyaran igiya, gangarsa a rataye. Ya ce, "Gwaggo, yau tunkiya biyu?"

Ta ce, "Uku ne da kai, amma kai ba ka kiwuwa."

An girbe gero, dawa ta fi tsawon mutum har da ɗaga hannu. Mazan gari duk suna yamma, wajen gayya a gonar mai gari, don haka hanyar gabas shiru, sai kurciya. Raɓa ba ta gama bushewa ba. A bakin gonar farko Hajo ta tsaya kan wani ɗan tsiro mai fure ja-ja, shar da shi a gindin dawa.

Na ce, "Wannan kam yana da kyau."

Ta ce, "Wuta-wuta ke nan. Kyau gare shi, shi ya sa yake cin dawa daga saiwa. Kin ga yadda ta tsumure? Irinsa a cikin mutane ma ba su da wuyar samu." Ta tumɓuke shi ta jefa kan hanya.

Gaba kaɗan, a jikin kalgo, ta nuna mana gatarin kurege, fure mai ja da rawaya da ya lanƙwashe baya kamar harshen wuta. Ta ce a kalla kawai, saiwarsa dafi ce. Wani damo yana shan rana a kan suri. Na ɗaga hannu zan nuna wa Rabi'atu, Hajo ta make min hannu.

"Sau nawa zan faɗa miki? Ba a nuni da yatsa a daji. Da baki ake yi. Duk abin da kika nuna da yatsa ya san kin gan shi."

Na ce, "To ya sani mana. Damo ne, ba surukina ba."

Rabi'atu ta yi dariya har kwandon ya karkace.

Muna isa babbar tsamiya, inda gonaki suka ƙare aka fara gangara fadama, sai ga zabin daji sun fi ashirin sun keto ciyawa sun tsallaka hanya a gabanmu, suna gudu wajen gari. Na ce Allah Ya kawo miya, ba mai kamawa. Hajo kuwa ta tsaya. Ta bi su da ido har suka shige dawa. Daga baya ta gaya min a wannan lokacin na rana zabi suna inuwar kurmi, ba sa barinta su nufo mutane sai in abin da ke can ya fi mutanen gari ban tsoro. Amma ta ce a ranta, wataƙila dila ne.

A kan dutsen da ke hannun dama akwai jajayen birai, waɗanda kullum in sun gan mu sai su hau tsalle suna yi mana ba'a. Ranar suna zaune jere, ba wanda ya dube mu. Duk fuskokinsu suna kallon kurmin da ke ƙetaren tafki. Na ga Hajo ta rage tafiya. Na ɗauka ƙafarta ce.

Tafkin namu ba babba ba ne, mai ƙarfin hannu zai jefa dutse ya ƙetare shi. Bado ya rufe shi, fararen furanni sun buɗe fal, duman kada ya malale bakin ruwa da nasa furen. Ƙetare kuma kurmi ne mai duhu, kanya da marke da sarƙaƙiya. Na samu kututture na zauna, bayana yana min wani irin ciwo tun safe wanda ban faɗa wa kowa ba. Rabi'atu ta sauke kwando ta fara tsinkar tafasa.

Hajo ta tsuguna ta ɗebi ruwa a tafin hannu kamar za ta wanke fuska. Ta daɗe a haka. Ni da nake kusa na ji abin da ta ji, amma bai ce min komai ba: wani ɗan tsuntsu yana carr, carr, daga cikin kurmi, wani ya amsa masa. Carki ne, mai jan bakin nan da ke hawa bayan shanu da dawaki yana cire musu kaska. Carki ba ya zama inda babu dabba. Fulani kuwa sun janye shanunsu nesa tun da shuka ta tashi, dokin garinmu guda ɗaya ne, kuma mun baro shi a turke. Sai ta ɗaga ido ta dubi gefen can na tafkin. Badon wajen a kakkarye yake, furanni a kife, ruwan ya yi jajir da laka. Dabbobi masu nauyi sun shiga sun sha, ba da daɗewa ba.

Ta miƙe, ta tafa hannu, ta ɗaga murya yadda ban taɓa jin ta yi a daji ba.

"Kai, alhamdu lillahi! Bado ya nuna! Rabi, bar tafasar nan. Mu koma a yi shela, yau matan gari kaf sai sun fito, manya da 'yammata, kafin na ƙauyen gaba su riga mu!"

Al'adarmu ce, in bado ya nuna, rana ɗaya ake sa wa, mata duka su fito da ƙorai su shiga ruwa su ciro 'ya'yansa, ana waƙa ana guɗa. Kowa a ƙasar nan ya san haka. Amma bado ba ya nuna sai furen ya kaɗe, kan ya nutse ƙarƙashin ruwa. Wannan kuwa fure ne tsagwaronsa, da sauran kusan wata guda.

Rabi'atu ta ɗago ta ce, da muryarta mai kai wa nesa, "Haba Gwaggo, ai fure ne har yan..."

"Ke rufe min baki, sakarya! Yaushe aka haife ki? Na ƙasa ya nuna, na taɓa da hannuna. Ajiye kwandon nan a nan ya kama mana wuri."

A nan jikina ya yi sanyi. Ba maganar bado ba, maganar kwandon. Hajo ce ke cewa a bar kwandon Jibo a daji.

Ta zo ta kama hannuna ta tashe ni, ɗaya hannun ta riƙe wuyan hannun Rabi'atu. Fuskarta tana dariya. Ta cikin dariyar ta ce, a hankali, "Akwai dawaki a kurmin nan. Suna kallonmu. Wadda ta waiwaya ta kashe mu."

Na ji Rabi'atu ta ja numfashi. Jikinta duka ya miƙe kamar igiyar baka.

Hajo ta ce, "Na san kina iya kai wa ƙofa. Ke kaɗai. Kina ɗaga ƙafa za su fito, ni gurguwa ce, wannan kuma ba za su wahalar da doki da ita ba, a nan za su bar ta kwance. Mu uku ba mu ishe su ba, garin suke so. Na yi musu alkawarin mata ɗari. Ki bar su su jira."

Rabi'atu ta ce, "'Yata, Gwaggo."

"Tana bayan kakarta. Taka a hankali."

Muka fara hawowa daga fadama. Ban taɓa sanin bayan mutum yana da ido ba sai ranar. Ina jin kurmin nan a tsakanin kafaɗuna kamar an ɗora min garwashi. Hajo kuwa sai surutu take da ƙarfi, wai wace ce za ta ara mata babbar ƙwarya, wai bana sai ta ci tuwon bado har ta gaji. Tsakanin magana da magana sai ta matse hannun Rabi'atu.

"Mene ne wancan a kan reshe?"

"Ban... ban sani ba."

"Kin sani. Duba da kyau."

"Cilakowa."

"Mace ko namiji?"

"Gwaggo, don Allah."

"Na ce mace ko namiji?"

Ba mu kai tsamiya ba abin ya kama ni. Ciwon bayan nan ya zagayo gaba ya murɗe ni, ƙafafuna suka ƙi. Na durƙusa a tsakiyar hanya, na ji ruwa mai ɗumi yana bin cinyoyina. Kunyar cikin fari ta tafi inda ta tafi. Na ce, "Gwaggo, ya zo."

Ta ce, "Ya zo ina? Uban wa ya kira shi?" Ta tsuguna kusa da ni, ta zaro 'yar wuƙarta ta hau tonon gindin wata ciyawa da ba ta da amfanin komai, kamar saiwa muka tsaya nema. "Ciji zanenki. In kika yi ƙara sun san ba shela za mu yi ba. Zai sake ki yanzu, na fari ba ya gaggawa."

A wannan shirun muka ji shi. Doki ya yi furji a bayanmu, sau ɗaya, sai wani ƙaramin ƙara na ƙarfen linzami. Kusa, kusa fiye da tafki. Wani ya biyo mu ta cikin ciyawa yana dubawa.

Hajo ta saki hannun Rabi'atu, don tana bukatar hannu biyu ta ɗaga ni. Ba abin da ke riƙe da yarinyar nan. Na ga yatsun ƙafarta sun kama ƙasa. Na ga gaban rigarta ya jiƙe, nono ya zubo mata don tsoro da tunanin 'yarta. Na dube ta, ban roƙe ta ba, bakina cike yake da zane. Ta tsaya kamar tsawon ɗaukar tulu a ɗora a ka. Sai ta sunkuya ta tsinki wani ɗan fure rawaya a bakin hanya, ta ɗaga shi ta ce da ƙarfi, "Gwaggo, wannan fa, ana miya da ganyensa?"

Hajo ta ce, "Tafasa ce, shashasha, wadda kika gama tsinka yanzu. Zo ki kama min wannan ragguwar, ta cika ciki da ɗumame ta kasa tafiya."

Suka sa ni a tsakiya. Muka wuce tsamiya, muka shiga tsakanin dawa. Nan ya fi muni, don ba ka ganin komai dama da hagu, kowane ganye ya motsa sai ka ce shi ne. Sau biyu ciwon ya sake kama ni, sau biyu Hajo ta sami abin da za ta tsaya nunawa. Damon nan yana nan a kan surinsa. Ta tsayar da mu a gabansa tana yi masa kirari har ciwon ya lafa. Gatarin kurege, ta sa Rabi'atu ta ƙirga furanninsa. Bakwai ne. Har gobe in na rufe ido ina ganinsu. Da na hango wuta-wutar da ta tumɓuke ɗazu a yashe kan hanya, ta fara yaushi, na san saura gona ɗaya.

Maitama yana nan inda muka bar shi. Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskar Rabi'atu, ya rufe. Sai da muka shige inuwar ƙofa Hajo ta ce, "Mahara a kurmin tafki."

Ya ce, "Da dawa a tsaye? Wa kika gani?"

"Carki na ji."

"Tsuntsu? Gwaggo, in tashi gari saboda tsuntsu?"

Ni na cire zanen daga bakina na ce, "Ta bar kwandonta a can."

Ya dubi kan Rabi'atu, ya dubi hannun Hajo. Ya zabura zai ɗauko ganga. Hajo ta riga shi, ta dafe fatar da tafin hannu.

"Kana bugawa za su zagaya yamma su tsince mazanmu a gona kamar gyaɗa. Jira suke a yi shelar bado, to a yi musu. Tara mata a nan cikin ƙofa su yi ta guɗa da kiɗan ƙwarya. Rabi, yanzu ga ranar ƙafarki. Bi ta cikin gari ki fita ƙofar yamma, ki ce su shigo ba hayaniya."

Ban ga tafiyar Rabi'atu ba, iskarta kawai na ji.

Sauran a durƙushe na ji shi, a ɗakin Inna, Hajo tana riƙe da ni. Ina jin guɗa tana tashi daga ƙofar gabas, matan da hawaye ke zuba a fuskarsu suna waƙar cirar bado. Kafin azahar namiji na ƙarshe ya shigo, aka ja ƙyaure biyu aka danna gungume. Maharan nan suka yi ta zama a kurmi, sauro yana cinsu, suna jiran mata ɗari. Sun san al'adar sarai, ƙasarsu ma ana yi. Tun suna yara suke cin bado, amma a cikin mazan nan sama da arba'in ba ko ɗaya da ya taɓa tsayawa ya duba yaushe yake nuna. Fure yana gabansu fari fat, rabin yini.

Sai wajen la'asar suka gane. Suka fito suka tarar da ƙofa a rufe, maza a kan ganuwa da baka. Suka zagaya sau biyu, suka sassare dawar mutum uku don haushi, suka yi arewa. A daidai lokacin Hajo ta yanke cibi. Namiji ne. Sunansa ba a bakina za ku ji shi ba, shi ne dai mai furfurar nan da ke zama gindin ɗorawa yana ba mutane labarin yadda ya tsere wa mahara.

Washegari maza suka je tafki da makamai. Suka ga kashin dawaki, suka ga inda aka kwanta. Kwandon babu. Sun zazzage tafasar Rabi'atu a ƙasa sun tafi da shi.

Mai gari ya aiko mata da zane, ta karɓa. Gidaje suka yi ta saƙo mata kwanduna, har daga Tsiga maigidana ya aiko da guda biyu. Kowanne ta juya shi, ta duba gindinsa, ta ce hannun mai shi bai san kaba ba, ta kifa wa kaji. Da bado ya nuna na gaskiya ba macen da ta yarda ta fita, sai da Hajo ta ja ƙafarta ita kaɗai ta je ta dawo da zanenta cike da 'ya'yan bado, sannan suka bi ta.

Ta yi shekara goma sha tara bayan wannan tana kiwon tumakinta. Cikina shida duk ita ta zagaya da ni. Duk ranar da muka isa bakin tafki sai ta tsaya ta saurari kurmi tukuna, sannan ta dubi wurin da ta sa aka ajiye kwandon Jibo, ta ce, "Da na sani da ƙwaryar uwarki na ɗauko."